TANADIN TSUFA: KAFIN KA SA HANNU, TAMBAYI ABIN DA ZA A YANKA



Jiya bayan sallar Isha'i wani ɗan'uwa tela ya tare ni da tambaya. Ya ce wani matashi ya zo shagonsa da takardar buɗe asusun fansho, yana ta matsa masa ya sa hannu, wai kyauta ne. Wani kuma da ya san harkar kuɗi ya ce sai ya biya shi kafin ya zauna ya duba masa takardun. "Malam, tara kuɗin tsufa bai saɓa wa tawakkali ba? In bai saɓa ba, wa zan bi cikin biyun nan?"

Tanadi ba rashin tawakkali ba ne. Annabi Yusuf (AS) ya sa an adana hatsin shekara bakwai na yalwa don shekara bakwai na fari. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya kan ware wa iyalansa abincin shekara guda. Da Sa'ad bin Abi Waƙƙas (RA) ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, sai aka tsayar da shi a sulusi, don kada magadansa su koma roƙo. Tela kuwa wata rana ido zai daina ganin kafar allura, alhali cefane bai tsaya ba.

Ma'aikaci a Najeriya, bisa dokar fansho ta 2014, ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai aikin ya ƙara aƙalla kashi 10. A 2019 aka buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofa, tela da direba da 'yar kasuwa, su riƙa zuba abin da ya sawwaƙa. Hukumar PenCom ce ke sa ido. To amma kafin ka shiga wannan ko wani tsarin ajiya, akwai tambaya biyu.

Ta farko: ina za a juya kuɗina? Yawancin kuɗin fansho bashi ake ba gwamnati da shi, ana karɓar ruwa. Alhamdulillahi, tun 2021 akwai Asusu na Shida, marar kuɗin ruwa, wanda ake sakawa a sukuk da hannayen jarin halal. Ba a sa mutum a ciki sai ya nema. Ka tambaya ko irin asusunka zai shiga, kuma a ba ka amsa a rubuce.

Ta biyu: nawa za a yanka? Ladan wakili halal ne, sharaɗin dai a san adadinsa tun farko. Ladan da aka ɓoye garari ne, kuma shari'a ta hana ciniki a kan garari. Kada ka raina kashi 1 cikin ɗari. In ana cire shi duk shekara daga jimillar abin da ka tara, kuɗin da ya kwana shekara 30 zai rasa kusan rubu'insa. Inda za ka karɓi naira miliyan 4, sai ka tashi da wajen miliyan 3. PenCom ta ƙayyade iyakar ladan kamfanonin fansho, amma tsare-tsaren ajiyar da ake tallatawa a waya kowanne da nasa yankan, wasu har da tara in ka fita da wuri.

Yanzu mu koma kan mutanen nan biyu. Matashin da ya ce kyauta ne, galibi kamfaninsa ne ke biyansa gwargwadon mutanen da ya kawo. Wannan ba haramun ba ne, amma ka sani dillali ne, hajar gidansu kaɗai zai yaba. Wanda ka biya da hannunka kuwa kai yake yi wa aiki, in mai amana ne. Don haka biya sau ɗaya, kuɗi sananne, a karanta maka takarda a fassara maka, ya fi araha a kan yankan da zai bi ka har tsufa. In abin da za ka zuba kaɗan ne, kada ladan shawara ya cinye ajiyar wata shida. Je ofishin kamfani biyu ko uku da ƙafarka, ka kwatanta. In ma ka shiga ba ka gamsu ba, tun 2020 ana iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara.

Ku kuma 'yan'uwa masu wannan aiki, ku ji tsoron Allah. Wanda ya nemi shawararka amana ya ɗora maka. In ka ɓoye masa yanka don kamashonka, gumin tsufansa ka ci, kuma za ku tsaya gaban Allah.

Allah Ya ba mu tsufa mai albarka, Ya tsare mu daga riba da cin haƙƙin mutane. Wallahu a'alam.