SHIN YA DACE ƊALIBI YA YI KARATU A GIDAN SHISHA?

  

A wannan mako za mu duba tambayar da wani ɗalibin jami'a ya aiko mana. Ya ce a unguwarsu wutar lantarki ba ta zama, ɗakinsu kuma su biyar ne a ciki, ga jarrabawa ta matso. Sai abokai suka nuna masa wani gidan shisha inda janareta ba ya mutuwa, ga kujeru, ga intanet, da kuɗin lemo kwalba ɗaya mutum zai zauna har dare ya raba. Ya rantse bai taɓa sa bututun a bakinsa ba, kwamfutarsa kawai yake buɗewa ya yi karatu. To, shin akwai laifi a kansa?

Da farko dai ya kamata mu yi wa yaron nan adalci. Uzurinsa na gaskiya ne, niyyarsa kuma mai kyau ce. Ba shi ne farkon wanda ya yi aikin ilimi a irin wannan wuri ba. A birnin Alƙahira, a kasuwar Khan al-Khalili kusa da Masallacin Azhar, akwai tsohon gidan gahawa mai suna Fishawi, inda ake shan shisha tun da daɗewa. Marubucin nan Najib Mahfuz, wanda ya sami kyautar Nobel a 1988, ya sha zama a can. Saboda haka idan wani ya ce ba a taɓa yin tunani mai amfani a cikin hayaƙi ba, bai faɗi gaskiya ba. Amma abin da muke nema a wannan fili shi ne hukunci da dacewa, ba wai ko abin yana yiwuwa ba.

Ita taba ba ta shigo ƙasashen Musulmi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, watau ba za a sami nassin da ya ambace ta da suna ba. Shi ya sa malamai suka yi saɓani tun farko, har a cikin mazhabarmu ta Malikiyya. Shehu Ahmadu Baba na Tambutu ya ga halaccinta matuƙar ba ta gusar da hankali, haka ma Shehu Aliyu al-Ujhuri na Masar. Shi kuwa Shehu Ibrahim al-Laƙƙani, shi ma Bamalike ne a Masar, sai ya wallafa littafi yana yi wa 'yan'uwa nasiha su nisance ta. Sarkin Daular Usmaniyya Muradu na Huɗu ma ya hana ta da ƙarfin mulki a 1633. Sai dai mu lura, waɗanda suka halatta sun gina hukuncinsu ne a kan cewa cutarta ba ta tabbata ba a zamaninsu. Yau kuwa ta tabbata a wurin likitocin duniya, shi ya sa mafi yawan malaman wannan zamani suka karkata ga haramci, suna kafa hujja da aya ta 195 a Suratul Baƙara wadda ta hana mutum jefa kansa ga halaka, da kuma ƙa'idar nan ta shari'a da ta hana cuta da cutarwa.

Matasa da yawa suna zaton ruwan da ke cikin tulun shisha yana tace hayaƙin. Ruwan sanyaya shi yake yi, har mai sha ya iya zuƙa da yawa ba tare da maƙogwaronsa ya yi zafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2005 cewa zama ɗaya na shisha yakan ɗauki minti 20 zuwa 80, kuma a cikinsa mutum yana iya zuƙar hayaƙin da ya kai yawan na karan sigari 100 ko fiye. Wannan ne ya sa ƙasashen Ruwanda da Kenya suka hana ta a 2017, Kamaru da Mali kuma a 2022.

To, mai tambaya zai ce ai shi ba ya sha. A nan ne maganar take. Shisha da garwashin gawayi ake kunna ta, shi kuwa gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce takan kashe mutanen da suka kwana da kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita ninki 200 da ɗoriya, alamunta na farko kuwa su ne ciwon kai da jiri da nauyin ƙwaƙwalwa. Ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda na'urar sanyi, ga tulu goma suna ci, duk wanda ke ciki yana samun rabonsa, mai sha da mai kallo. Ashe ke nan ɗalibinmu ya tafi neman kaifin fahimta a inda ake dusashe ta.

Annabi (S.A.W.) ya buga mana misali a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda ya kamanta abokin zama nagari da mai sayar da almiski, mugun aboki kuma da mai zuga wutar maƙera. Na farko ko bai ba ka komai ba za ka tashi da ƙanshi, na biyu kuwa ko dai ya ƙona maka tufa ko ka tashi da wari. Mu lura, wanda aka yi wa gargaɗin ba maƙerin ba ne, mai zama kusa da shi ne. Zuciya ma tana ɗaukar warin wuri kamar yadda riga take ɗauka. Abin da ido ya saba gani kullum, ƙyamarsa takan fita daga rai, ranar da barci ya kama mutum a kan littafi kuma aboki ya miƙo bututu, ba lalle ne rantsuwar jiya ta tsaya ba. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Akwai kuma wani ma'auni da shari'a ta ba mu. Lokacin da Annabi (S.A.W.) ya gargaɗi sahabbai game da zama a bakin hanya, suka ce ba su da wata majalisa sai nan, bai kore su ba. Sai ya gindaya musu sharuɗɗa: runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Wannan ya nuna Musulunci yana duban bukatar mutane, amma yana tambayar ko za a iya ba wuri haƙƙinsa. To, ɗalibi ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: a gidan shisha zai iya runtse idonsa? Zai iya hana abin da aka buɗe gidan dominsa, alhali kuɗin lemonsa yana cikin ribar mai gidan? Idan an kira Magariba yana jin kiran, ko kuwa kiɗa ya rufe shi?

Sa'an nan shi ilimi yana da alfarma. An ruwaito cewa Imamu Malik ba ya zama karantar da hadisi sai ya yi alwala, ya sa tufafi masu kyau, ya shafa turare. Littafin Ta'alimul Muta'allimi na Shehu Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya ware babi guda a kan girmama ilimi da ma'abutansa. Mai karatun likita ko injiniya da niyyar amfanar al'umma shi ma ɗalibin ilimi ne, wannan ladabi ya hau kansa.

Amsarmu ga mai tambaya ita ce, zunubinsa bai kai na mai sha ba, kuma ba ma cewa karatun da ya yi ya ɓaci. Amma mayar da wurin majalisa ta kullum bai dace ba, domin cutar jiki tabbatacciya ce, fitinar zuciya kuma a kusa take. Lalura ba ta zama hujja sai an rasa wata mafita, shi kuwa yana da ɗakin karatu na makaranta, da harabar masallaci, da bayan sallar Asuba lokacin da gari yake shiru, fitila mai caji kuma ba ta kai kuɗin lemon wata guda ba.

Daga ƙarshe, laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Abin kunya ne a ce a unguwar Musulmi mai gidan shisha ne kaɗai ya tanadi haske da kujera ga matashi, mu kuwa muna kulle masallatai da an idar da Isha'i. Ina kira ga masu hali da kwamitocin masallatai, ɗaki ɗaya da tebura da wuta mai aiki da hasken rana, a yi waƙafinsa ga ɗalibai, sadaka ce mai gudana. Wanda ya hana yaro wuri, wajibi ne ya nuna masa wani.

Allah ne Mafi sani. Allah ya shiryi zuriyarmu, ya ba mu ilimi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.