Tsakanin Wayo da Wauta, Ina Iyaka?

Mu marubuta mun saba da wawa. Mukan jefa shi cikin labari don a yi dariya, mu kira shi gaula ko dolo, mu wuce, sai ka ce mutane gida biyu ne kawai, masu wayo da marasa shi. To, amma mu ƙaddara ga wani maraya a Rurum Tsohon Gari ta ƙasar Rano, ɗan shekara 17, wanda ya sha wuya wajen haihuwa. Ya kasa haɗa baƙi, ba ya iya karɓo canji, amma ya san kowace akuya ta gidansu, bai taɓa ɓatar da ko ɗaya a kiwo ba. A wane gida za mu sa shi?

Likitoci ma sun daɗe da wannan ciwon kai. Bayan da Binet da Simon suka fito da gwajin basirar yara a Faransa cikin 1905, sannu a hankali aka tsayar da maki 70 ya zama kan iyaka: wanda ya gaza shi ana zaton yana da naƙasar basira. Alhali gwajin kansa yakan kuskure da kamar maki 5, sama ko ƙasa. Kada a ɗauka wasa ne. A Amurka, inda aka haramta zartar da hukuncin kisa a kan masu wannan naƙasa tun 2002, jihar Fulorida ta nemi kashe wani fursuna, Freddie Lee Hall, domin ya ci 71. Sai a 2014 Kotun Ƙoli ta rushe wannan tsattsauran layi.

A nan ne dabarar Lotfi Zadeh ta 1965 take shigowa, wadda za mu kira lissafin dishi-dishi. Maimakon i ko a'a, sai a ba abu daraja tsakanin 0 da 1, kamar yadda ruwan wanka yake da sanyi, da ɗumi, da zafi. Masu bincike sun gwada ɗora wa kwamfuta ƙa'idojin likitoci a kan wannan tsari: a ba ta makin yaro, da maganarsa, da iya kula da kansa, da zamansa da jama'a, ita kuma ta nuna inda ya fi karkata, naƙasa kaɗan, ko matsakaiciya, ko mai tsanani. A ganinmu wannan ya fi kusa da gaskiya, domin ko ba komai ya yarda cewa hankali hawa-hawa ne.

Sai dai wani hanzari ba gudu ba. Wa ya rubuta ƙa'idojin? In bai taɓa ganin kiwo ba, awakin yaronmu ba za su shiga lissafi ba, kuma son zuciyar da aka zuba cikin na'ura ya fi wuyar kamawa, tunda ba ta da fuskar da za a tuhuma.

Sa'an nan ita rayuwa ba ta karɓar 0.6. Suratun Nisa'i ta umurci a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu, wato a zauna da su, a ga yadda suke saye da sayarwa. Ran da yaron nan zai nemi gonar ubansa, kawunsa ba zai ba shi shida cikin goma na amana ba. Ko ya damƙa masa, ko ya ci gaba da riƙewa, ga damina ta kawo jiki, ga dangi sun zuba ido.