Naman Ɗan Siyasa Ba Halal Ba Ne

A kowace unguwa ta biranen ƙasar nan akwai majalisa, ko a gindin bishiya, ko a teburin mai shayi, ko a ƙofar masallaci tsakanin magariba da lisha. Da zarar an zauna, sai hira ta karkata ga siyasa. Wannan ya ce Gwamna ɓarawo ne, wancan ya ce ɗan takarar adawa ba ya ko salla, na gefe ya rantse da Allah an sayi wane da kuɗi. Idan ladan ya yi kira sai a miƙe a shiga sahu, babu wanda ya ji a ransa ya ɗauko nauyin kome.

To, tambaya a nan ita ce, shin maganar da mutum ya yi a kan ɗan siyasa tana cikin abin da mala'iku ke rubutawa, ko kuwa siyasa wani fage ne da aka ɗauke wa alƙalami?

Da yawa suna ɗauka cewa wanda ya fito neman mulki ya sayar da mutuncinsa, kowa yana iya yankar rabonsa. Shari'a ba ta san wannan ba. A cikin Suratul Hujurati Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba, Ya hana mugun zato da bin diddigin asirin mutane, Ya kuma kamanta giba da cin naman ɗan'uwa matacce. Bai togace ɗan wata jam'iyya ba. A surar ne kuma Ya yi umurni da a binciki labari kafin a yi aiki da shi. Masu tafsiri da yawa sun ce ayar ta sauka ne game da Walidu ɗan Uƙuba, wanda aka aika karɓar zakka wurin Banul Musɗaliƙ, ya komo da labarin sun hana, alhali kuwa ba haka ba ne. Saura ƙiris a yaƙi Musulmi a kan maganar mutum guda.

Abin da ya fi wannan tsoratarwa shi ne ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Munafukai ne suka ƙirƙira shi, amma cikin waɗanda suka yaɗa har da sahabbai na kirki, irin su Hassanu ɗan Sabitu da Misɗahu. Ji suka yi, suka faɗa. Suratun Nur ta zarge su da cewa sun ɗauki abin da sauƙi, alhali babba ne a wurin Allah. Ashe ke nan ce wa "ni ma ji na yi" ba hanzari ba ne. Ya tabbata a hadisin Muslim cewa mutum ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, wannan ya ishe shi zama maƙaryaci.

Sai dai kada a fahimci cewa Musulunci ya ɗaure bakin talaka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsaya ya lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa a cikin Kitabul Farƙi, tun daga harajin da bai halatta ba har zuwa cin hanci a wurin shari'a. Imamun Nawawi kuwa, a cikin Riyadus Salihina, ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, ciki har da kai ƙarar azzalumi, da neman taimako don kawar da ɓarna, da yi wa jama'a gargaɗi. Saboda haka wanda ya ce an ware kuɗin gina asibiti ba a gina ba, kuma ya tabbatar, nasiha ya yi. Wanda kuwa ya shiga zagin iyayen shugaba, ko tonon asirin iyalinsa, ko fitar da shi daga addini ba hujja, wannan ya bar nasiha ya shiga cin nama. Bambancin yana wuri uku: sani, da manufa, da tsayawa a kan aikin da aka ba mutum amana.

Akwai kuma wani ma'auni da Suratul Ma'ida ta kafa, watau kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar yi musu adalci. Mai son gwada kansa sai ya duba: laifin da yake ɓaɓatu a kai idan ɗan waccan jam'iyya ya yi, shin yana yin shiru idan nasa ne ya yi? In haka ne, ba gaskiya yake karewa ba, tuta yake karewa.

Tarihin Kano ya isa wa'azi. Tun zamanin NEPU da NPC gaba ta raba gidaje. A 1980 jam'iyyar PRP ta dare biyu, 'yan taɓo na bayan Malam Aminu Kano, 'yan santsi na bayan Gwamna Abubakar Rimi, mutanen da shekara guda kafin nan suka yi zaɓe tare. Ran 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhumar da gwamnatin jiha ta aika wa Sarki Alhaji Ado Bayero, gari ya yamutse, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba Gwamna shawara kan siyasa. A watan Afrilun 2011 kuma, tarzomar bayan zaɓen shugaban ƙasa ta ci ɗaruruwan rayuka a jihohin Arewa cikin 'yan kwanaki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan wutace da ashana ta fara kunnawa. Baki ne ya daɗe yana tara kara.

Abin takaici, su manyan da ake faɗan dominsu sukan shirya. Wanda ya bar jam'iyya bana ya komo baɗi, a yi musabaha, a ɗauki hoto. Talaka ne ake bari da maƙwabcin da ya daina gaisarwa, da ɗan'uwan da ya ƙi zuwa sunan ɗansa, da kuma bashin mutuncin mutanen da bai taɓa gani ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana matsiyacin gaske da cewa shi ne mai zuwa ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya yi wa wancan ƙazafi, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyansu. Babu hasarar da ta kai a wayi gari ɗan siyasar da mutum ya fi ƙi a duniya shi ne zai kwashe ladan azuminsa.

Saboda haka, kafin mai majalisa ya buɗe baki, ya tambayi kansa: ya tabbatar? Faɗar za ta gyara wani abu? Zai iya maimaita ta a gaban mai ita? In amsa ta gagara, shiru ya fi masa alheri. Allah Ya tsare harsunan Musulmi, Ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin.