Wa Ya Kamata Ya Shige Gaba?

A ƙasar Wamba, cikin Jihar Nasarawa, akwai Farin Ruwa, wanda ke zubowa daga bisa dutse, tsayinsa wajen mita 150. Mota ba ta kaiwa gindinsa. Sai a taka da ƙafa, a ɗauki ɗan ƙauye ja-gora. Ko hakimi ne ya je, talakan nan ke gaba, shi yana biye.

To, wannan ƙasƙanci ne ga babba? Waɗansu za su ce i, gama bara ba ya shiga gaban ubangidansa. Amma santsin dutse bai san rawani ba. Ko nan duwatsun Kurfi da Dutsin-Ma, yaro makiyayi ya fi Ma'aji sanin inda ƙafa ke zamewa.

Sa'ad da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hijira a shekarar 622, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya ɗauka ja-gora, alhali mutumin bai musulunta ba. Ashe bin masani ba ya rage girma.

Sai dai ja-gora kuma amana ce a wuyansa. Kada kwaɗayin lada ya sa ya ce ya san hanyar da bai taɓa bi ba, gama rayukan mutane ke bayansa.