Ta'aziyya ga Yayata, Bayan Baƙi Sun Watse

Yaya, ya haƙurinmu? Allah Ya jiƙan mijinki Alhaji da rahama, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Ke kuma Allah Ya ba ki dangana, Ya raya abin da ya bari.

An yi uku, an yi bakwai, masu rumfa sun kwashe kujerunsu, dangin nesa sun koma. Yanzu nake son yi miki tawa ta'aziyyar, domin a unguwar Nassarawa ta Kano sai baƙi sun watse makoki yake farawa. Da a cikin gari kike, a Yakasai ko Gwale, ko kin ƙi ko kin so maƙwabciya za ta ɗaga labule da sallama, wata ta aiko yaro da kunu. Unguwarku kuwa Turawa ne suka tsara ta don su zauna nesa da jama'a, kuma har yau halin bai sake ta ba: katanga doguwa, get a rufe, maƙwabci sai a yi wata ba a ga fuskarsa ba. Ga takaba ta wata 4 da kwana 10 a gida mai ɗakuna da yawa, yara kowa ya kama gabansa. Wannan shirun nake jiye miki.

Na san an cika miki kunne da "a yi haƙuri", kuma gaskiya ne. Sai dai wasu suna faɗa kamar hawaye raunin imani ne. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, har yau shekarar baƙin ciki ake kiranta. Annabi Yaƙubu ya yi jimamin Yusufu har idanunsa suka yi fari. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da furucin da ke ja da hukuncin Allah. Ki yi kukanki, Yaya.

Barci zai ƙaurace miki, abinci ya fita daga ranki, ki ajiye abu ki manta inda yake, ki ji ƙarar mota a get gabanki ya faɗi kamar shi ne ya dawo daga masallaci. Duk wannan jimami ne, kuma yana zuwa yana lafawa. Wata rana jikoki su sa ki dariya, washegari warin turarensa a jikin riga ya mayar da ke baya. A hankali tazarar take ƙaruwa. Nana A'isha takan sa a dama wa masu makoki talbina, wato kunun sha'ir, domin ta ji daga Manzon Allah cewa yana kwantar da zuciyar mai baƙin ciki. Ko ba kya jin yunwa ki sha wani abu mai ɗumi, ki sha maganin hawan jininki a kan lokaci, ki zagaya tsakar gida da hantsi rana ta taɓa ki.

Amma akwai inda jimami yake rikiɗewa ya zama ciwo, kuma shi ne ba ma son ambata a gidajenmu. Idan ƙuncin ya daina lafawa, ya zama kullum ne tun safe har dare sama da mako 2, ba abin da ke faranta rai, wanka da salla sun zama dutse, kina ganin kanki ba ki da amfani ko kina ɗora wa kanki laifin mutuwarsa, likitoci suna kiran wannan ciwon damuwa. Wata kuma firgici ke kama ta, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, a auna a ce jiki lafiya lau. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta sa jimamin da ya haura wata 6 yana hana mutum gudanar da rayuwarsa cikin abubuwan da ake yi wa magani. In kuwa tunanin bin bayansa da hannunki ya taɓa gifta miki, kada ki kwana da shi. Ki kira ni a daren, ko ƙarfe nawa ne.

Da an ce likitan ƙwaƙwalwa, Bakano asibitin Dawanau yake hangowa, sai ya ja baya don kada a ce gidan wane akwai taɓin hankali. Wannan kunyar ta cinye mata da yawa a cikin ɗakunansu. Asibitin Nassarawa, na Muhammad Abdullahi Wase, yana nan kusa da ke. Ki fara da likitan da ke duba ki, ki gaya masa gaskiyar yadda dare yake miki. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashe na musamman a kan haka, kuma sau da yawa maganin ma zama ne a saurare ki. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi sirrin mara lafiya da mutuncinsa. Malamai sun halatta wa mai takaba fita don lalura irin ta asibiti. Ki riƙe azkar da karatunki, ki haɗa da likita. Ba kishiyoyi ba ne.

Abin da nake roƙonki ki guje masa shi ne ƙwayar barci da wata za ta miƙo miki da kyakkyawar niyya, ko a aiki direba kemis ya sayo. Kano ta ga abin da maganin tari mai kodin ya yi wa matan aure kafin gwamnatin tarayya ta hana shi a 2018.

Na yi magana da ƙanwarmu, ta yarda 'yarta ta dawo wajenki ta riƙa kwana a ɗakinki har ki fita takaba. Ni kuma duk Juma'a bayan la'asar ina nan tafe in Allah Ya yarda. Ki gaya wa maigadi ya daina ce mini kina hutawa.