Ledar da Ka Yar, Wa Ka Bar Wa?

Akwai wata tambaya da ba a cika kawo wa malamai ba. Ana zuwa a tambaye mu hukuncin wanda ya yi kokwanto a raka'a ta uku, da na ɗigon fitsari a wando, da na riba a wajen canjin kuɗi. Amma har yau ba mu ji wanda ya zo ya ce, "Malam, na sha fiya wata na yar da ledar a bakin titi, akwai wani abu a kaina?" To, tunda ba a tambaya, bari mu tambayi kanmu.

Ba wanda zai ce mutumin Sabo ƙazami ne a jikinsa. Sau biyar yake alwala, butarsa na gefensa, rigarsa ta sha guga da turare. Tun muna yara muka daɗe a babin tsarki cikin Ahalari da Ishmawi kafin mu kai ga salla. Shiga shagonsa ma ka gani, ko'ina tas. Amma tsaya ka kalli inda sharar shagon take ƙarewa. Yaro zai share tun daga ciki har bakin ƙofa, daga nan ya ba ta tsintsiya ɗaya ta faɗa kwata. Shi ke nan, wai an yi shara. Tsaftar da yawanmu iyakarta dokin ƙofa, abin da ya wuce nan kuwa na gwamnati ne, ko na ruwan sama, ko na wanda Allah ya haɗa shi da shi.

Abin da muke so a duba shi ne, shara ba ta ɓacewa don ka sake ta daga hannunka. Hannu kawai ta sauya. Ledar nan sai wani ya sunkuya ya ɗauke ta, in kuma ba a ɗauka ba sai wani ya zauna da ita. Mu 'yan kasuwa mun san wannan lissafi a wani wuri. Idan ka ɗora wa ɗan dako buhu ya kai maka tasha, ka hana shi ladansa, kowa ya san sunan abin da ka yi. To wanda ya yar da shara a hanya, shi ma aikinsa ya ɗora wa wani, ba da yardarsa ba, ba kuma da lada ba. Bambancin kawai shi ne bai ga fuskar wanda ya ɗora wa ba. Wataƙila tsohuwar nan ce mai sharar titi da asuba. Wataƙila maƙwabcin da gidansa ke gangare ne, wanda kwata in ta toshe tsakar gidansa take juyewa. Wataƙila kuma yaron da sauron ruwan da ya kwanta ya kai shi asibiti ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa haƙƙin Allah tuba na kankare shi, amma haƙƙin bawa sai ka nemi mai shi ya yafe. Ina za ka samo mai shi a nan? Wannan ne ya sa muke ganin abin ya fi yadda ake ɗaukarsa nauyi.

A yi wa iyayenmu adalci. Da can abin da ake yarwa ganyen goro ne da ɓawon ayaba da tuƙar rake, akuya ta ci, saura ƙasa ta cinye. Ɗabi'ar ta zauna, kayan kuma suka canja. Leda da robar lemo ba sa ruɓewa cikin damina ɗaya ko goma. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin akuya da saniya a yanzu.

Wani zai ce, haba Malam, leda ɗaya me za ta yi? Gaskiya ne, ɗaya ba ta toshe kwata. Amma duk wanda ya toshe ta ɗaya ya yar, kuma kowannensu abin da ya faɗa wa kansa ke nan. Mu da ke zaune a Ibadan ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Dattawanmu na tune da 31 ga Agusta 1980, ranar da rafin Ogunpa ya ɓalle ya ci gidaje da rayuka, abin da Yarbawa ke kira Omiyale, wato ruwa ya shigo gida. Matasa kuma sun ga ta 26 ga Agusta 2011, ranar Juma'a cikin goman ƙarshe na azumi, wadda ta ci fiye da mutum 100. Ba mu ce leda kaɗai ta jawo ba. Ruwan ya yi yawa, an kuma yi gine-gine a kan hanyarsa. Amma duk wanda ya ga abin da aka yi ta kwasowa daga ƙarƙashin gadoji bayan ruwan ya janye, ya san shara na da nata kaso. Kuma har gobe akwai masu jiran hadari ya haɗu su fito da kwandon shara su juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Gidan wani.

Sai maganar gwamnati. Ana cewa ba a ajiye mana mazubi ba, motar kwasar shara sai ta ga dama take zuwa, alhali ana karɓar haraji da kuɗin shara. Wannan ƙorafi yana da gaskiya, kuma shugabannin unguwa su ci gaba da bin sa har a gyara. Sai dai bashi biyu ne daban. Gazawar hukuma ba ta mayar da ƙofar maƙwabcinka juji ba. Kuma mun ga iyakar tsaftar da ake yi don tsoron hukuma. Zamanin WAI da Buhari da Idiagbon suka ƙaddamar a 1984, wanda sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta samo asali daga gare shi, soja na tsaye da bulala kowa ya riƙe tsintsiya. Kafin nan ma akwai duba-gari, wanda Yarbawa ke ce wa wole-wole, yana leƙa randa yana cin tara. Da bulala ta tafi, tsintsiya ta koma bayan ƙofa.

Akwai kuma dalilin da ba a faɗa da baki, amma yana cikin zukatan wasu: ai nan ba garinmu ba ne. Nema muka zo, gida na Kano ko Katsina ko Sakkwato, can ake gini, can ake fenti. Baƙo raɓa ne, in ji su. To wace irin raɓa ce tun 1916 da aka kafa Sabo rana ba ta busar da ita ba? A nan aka haifi da yawanmu, a nan muka binne iyaye, 'ya'yanmu Yarbanci a bakinsu kamar Hausa. Ko ta ina ka juya maganar ba mafita. In 'yan gari ne mu, gari namu ne mu share. In kuma baƙi ne, to baƙon kirki ba ya ɓata ɗakin da aka sauke shi.

A nan dole mu ambaci Sasa, ko da ba daɗi. A watan Fabrairu 2021, kamar yadda jaridu suka ruwaito, rikicin kasuwar ya faro ne daga gardama kan kayan da suka zube wa wani ɗan dako a gaban shagon wata mata, da batun wa zai kwashe. Daga cacar baki aka kai ga duka, mutum ya rasu, sai wuta ta tashi. An rasa rayuka daga kowane ɓangare, an ƙona shaguna da gidaje, gwamnati ta rufe kasuwa, har gwamnoni suka taso daga Arewa. Ba mai hankalin da zai ce shara ce ta kashe mutane. Zukata sun riga sun cika da wasu abubuwa tun kafin ranar. Amma mu lura da ƙofar da fitina ta samu ta shigo. Wanda ke zaune cikin wasu, abin da mutum ɗaya ya yi da sunan kowa ake rubuta shi. Ba a cewa wane ya zubar, cewa ake yi Hausawa ne. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake.

Tambayar da ta fi wuya ita ce ta sharar da ba kai ka zubar ba. Dole ne ka kwashe? A fahimtarmu abu biyu ne. Kame hannunka daga cutar da mutane wajibi ne a kanka kai kaɗai, ba wanda zai ɗauke maka. Kawar da cutar da wani ya bari kuwa sadaka ce, amma in ta kai ga toshe hanya ko jawo ciwo, ta zama nauyin jama'a, wanda in wasu suka yi ya sauka a kan kowa, in kowa ya ƙi kowa ya ɗauka. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, kuma Bukhari da Muslim sun kawo labarin wanda aka gafarta wa saboda ya janye reshen ƙaya daga hanya.

Mun san abin da ke hana mutane, ba jahilcin hadisi ba ne. Girma ne. Alhaji da babbar riga ya sunkuya ya ɗauki robar wani? Sai a ce aikin baban bola ne. Ga shi kuwa yaran nan masu tura kura suna tsince-tsince yawancinsu namu ne, kuma mu ne kan gaba wajen raina su. Mu tuna baiwar Allahn nan da ke share masallacin Madina. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi (SAW) ba, don an ga kamar ba wata ba ce. Da ya ji, sai ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla.

Wasu kuma kan ce in kana kwashewa kana ƙara wa mai zubarwa ƙarfin gwiwa ne. Abin da muke gani a kasuwa saɓanin haka ne. Mutum na jin nauyin yar da abu a wurin da yake a share, amma da ya ga 'yar tsibi sai ya ƙara nasa. Duk bolar da ta gagari unguwa da kwando ɗaya ta fara.

Ranar Juma'a masallaci na cika, sahu ya fito har titi. Malaman fikihu sun lissafa juji cikin wuraren da aka hana salla, mu kuwa muna shimfiɗa darduma a gefen kwatar da muka cika da hannunmu, goshi a ƙasa hanci na shan wari. Ana sallamewa kuma a bar ledojin ruwan alwala da kwalayen da aka yi salla a kai. Haka wajen ɗaurin aure da rabon abincin buɗa baki. Wanda ya iya sayen roba 200 ta abinci don neman lada, zai iya sayen buhu biyu ya sa yara biyu su bi bayan taro. Mai shayi da mai tsire da mai lemo kowa ya ɗaure buhu a jikin teburinsa, don sharar cinikinsa cikin cinikinsa take. Masu gidajen haya kuma su haɗa kuɗin mai kwasa cikin lissafin wata, kada a bar shi ga wanda ya fi kowa kunya.

Ruwa a garin nan tun Maris ko Afrilu yake sauka, ba ya jiran lokacin Arewa. Kowane layi ya san kwatarsa da inda take toshewa. A sa rana kafin nan, a fito da shebur da baro, kuma abin da aka yaso a kwashe shi a ranar, don in aka tara shi a bakin kwata ruwan farko zai mayar da shi ciki.