Shin Daren Majinyaciya Daren Ibada Ne?

Daga cikin ni'imomin da ɗan Adam ya fi saurin mancewa da su, saboda suna zo masa kullum ba tare da ya biya ko anini ba, akwai barci, wanda Allah Maɗaukakin Sarki Ya ƙidaya cikin ayoyinSa a Suratur Rum, Ya kuma bayyana a Suratul Anfal cewa gyangyaɗin da ya lulluɓe Sahabbai a Badar aminci ne daga gare Shi. To, akwai wasu bayin Allah mata, masu fama da sankarar mama, waɗanda ake ɗauke wa wannan ni'ima duk bayan mako uku, kuma abin da ke ɗauke ta shi ne maganin da likita ya ba su domin su iya jure wa babban maganin da zai yaƙi cutar. Mas'alar da nake so mu tsaya a kanta ita ce matsayin irin wannan dare a shari'a, da abin da ake bin mai shi, da abin da ita kuma take bin mutanen gidanta.

Malaman usulu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san hakikaninsa, saboda haka sai mu fara da sababi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna ɗauke da sankarar mama, 670,000 kuma suka rasu sanadinta, kuma a ƙasarmu ma ita ce kan gaba cikin sankarar da ke kama mata. Wadda aka ɗora a kan kemo, wato babban maganin da ke yaƙar cutar, ko a Shika ne, ko Kano, ko Sakkwato, ko Yamai, galibi ana yi mata ƙarin ruwan maganin sau ɗaya a kwana 21, kuma tare da shi ana ba ta wani magani mai suna deksametason, wanda ke kwantar da tashin zuciya da amai, ya hana jiki yi wa kemo bore, ya rage tarin ruwa a ƙafafu. Wadda ake ba dosetaksel, ɗaya daga cikin magungunan kemo, alal misali, bisa ga al'ada takan sha miligiram 8 sau biyu a yini har kwana uku, ta fara tun jajiberin ranar ƙarin ruwa.

Shi wannan magani kwaikwayo ne na wani sinadari da Allah Ya halitta a jikin kowa, mai suna kotisol, wanda wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda suke fitarwa bisa wani mizani mai ban mamaki: yana hauhawa gab da asuba domin ya tayar da mutum ga neman abinci, yana sauka sannu a hankali cikin yini, har idan dare ya raba ya kai ƙarshen ƙarancinsa, jiki ya saki, ido ya rufe. Deksametason kuwa ya ninka kotisol ƙarfi kamar sau 25, kuma aikinsa yakan wuce yini ɗaya da rabi bai bar jiki ba, ta yadda matar da ta haɗiye shi da magariba, idan ta kwanta bayan lisha, jininta yana shaida wa ƙwaƙwalwarta cewa hantsi ne. Tun farkon sanin wannan dangin magani ya nuna fuskokinsa biyu, domin a shekarar 1948, a asibitin Mayo na Amurka, likita Philip Hench da abokan aikinsa sun yi wa wata mata da ciwon gaɓoɓi ya kwantar allurar kotizon, ta miƙe cikin 'yan kwanaki, har aka ba shi lambar Nobel a 1950 tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein. Ba a jima ba kuma likitoci suka lura cewa masu shansa suna samun wani irin zumuɗi da rashin barci da sauyin hali.

Ga yadda makon yakan kasance ga mafi yawansu. Kwana biyu ko uku na farko fuska ta ciko ta yi ja, abinci ya shiga fiye da kullum, zuciya tana bugawa, tunani yana gudu daga kuɗin magani zuwa makomar 'ya'ya zuwa wata magana da aka faɗa mata shekara goma da suka shige, har a ga baiwar Allah tana wanke-wanke ko jera kwanuka da tsakar dare don ta rasa inda za ta kai ƙarfin da ke cikinta. Ranar da aka daina shan maganin, ko washegarinta, sai komai ya zube a lokaci guda: jiki ya dawo yana neman kotisol ɗinsa da ya yi sanyi, dafin kemo ya kai ganiyarsa, bashin barcin dare uku ya taso, sai ka ga matar da shekaranjiya ta share tsakar gida yau ɗaukar buta ya gagare ta. Ƙarfin nan na farko na aro ne, kuma mai shi yakan zo karɓa da riba.

A nan ne masoya, da kyakkyawar niyya, suke ɗora mata kaya biyu. A daren farko sukan ce, "Ai tunda barci ya ƙi, sai ki tashi ki yi nafila, Allah ne Ya tashe ki." A rana ta huɗu kuma wata cikin dangin miji takan ce, "Ikon Allah, jiya fa lafiyarta ƙalau, har ƙiba ta yi, yau kuma ta langaɓe." Maganar farko tana mayar da larura farilla, ta biyu tana mayar da rashin iko son jiki, kuma a ganina dukkansu sun kauce wa abin da shari'a ta koyar.

Ba ni da ja a kan falalar sulusin dare na ƙarshe, kuma wadda ta sami nutsuwa cikin raka'a biyu ko cikin jan carbi a wannan lokaci ta dace da alheri mai yawa. Amma tahajjudi ibada ce ta wanda yake da barci a hannunsa ya bar shi don Allah, alhali ita wannan ƙwace mata aka yi, kuma abin da jikinta yake bukata domin ya gina jinin da kemo ya rushe shi ne hutu. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya shiga masallaci ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka gaya masa cewa ta Nana Zainab ce, tana riƙe ta idan ta gaji da tsayuwa, sai ya yi umarni a kwance ta, ya nuna cewa mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, idan ya gaji ya zauna. Nana A'isha kuma ta ruwaito umarnin cewa mai gyangyaɗi cikin salla ya kwanta har barcin ya sake shi, don kada ya je neman gafara ya zagi kansa bai sani ba. Idan haka aka yi da lafiyayyu a zamanin da ya fi kowane zamani himma, yaya za a yi da wadda guba mai magani ke yawo a jijiyoyinta? Wadda ta kwanta cikin duhu ta rufe ido tana jiran barci da niyyar taimakon jikinta, ko da ba ta furta komai ba, tana cikin biyan haƙƙin jiki da Salmanul Farisi ya tuna wa Abud Darda'i, Annabi kuma ya gaskata shi.

Sai gajiyar da ke biyo baya, wadda ita ta fi sa mata masu tsoron Allah kuka, domin sukan farka su tarar rana ta fito ba su yi asuba ba, ko su kasa tsayuwa a azahar, sai Shaiɗan ya raya musu cewa imaninsu ne ya raunana daidai lokacin da suka fi bukatarsa. Kasala ita ce mutum ya iya ya ƙi, wannan kuwa so take ta kasa, kuma taklifi yana tafiya ne tare da iko. Imrana ɗan Husaini ya kai kukan ciwonsa, aka ba shi izinin salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan haƙarƙarinsa. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, cikin Risalar da almajiranmu suke haddacewa, ya kawo sauƙin taimama da na haɗa salloli biyu ga marar lafiya. Kai, Annabi da kansa da Sahabbansa barci ya rinjaye su a hanyar dawowa daga Haibara, Bilal da aka sa gadin alfijir shi ma ido ya ci shi, ba su farka ba sai da zafin rana ya taɓa su, suka rama sallar ba tare da an zargi kowa ba. Ga kuma albishir a hadisin Abu Musa al-Ash'ari cewa wanda ciwo ko tafiya ta hana shi aikin da ya saba, ana rubuta masa shi kamar ya yi. Mai littafin kirki ba ta asarar nafilolinta na shekara ashirin don ta kwanta mako guda.

Akwai wani lungu na mas'alar da ya fi waɗannan zurfi, wanda ban cika jin ana tattauna shi ba. Wannan magani yana taɓa hali. Mace mai kawaici, wadda ba a taɓa jin muryarta a zaure ba, sai ta tarar da kanta tana daka wa ɗanta tsawa a kan ƙaramin abu, ko tana kuka ba dalili, ko tana zuba magana ba ta iya tsayawa, daga baya ta zauna tana tambayar kanta ko dama can haka take, magani ne kawai ya yaye lulluɓi. Amsata ita ce a'a. Halin mutum shi ne abin da ya zaɓa ya dawwama a kansa tsawon rayuwa, da abin da yake komawa gare shi idan guguwa ta lafa, kuma nadamar da take ji ita ce shaidar inda zuciyarta take. Shari'a ba ta kama mutum da abin da ya taso masa a rai ba da zaɓinsa ba, tana duban abin da ya aikata da shi gwargwadon ragowar ikonsa. Ba na cewa an ɗauke mata alƙalami, domin hankalinta yana nan. Idan ta ɓata wa wani ta ba shi haƙuri, amma kada ta yanke wa kanta hukuncin munafunci a kan abin da miligiram 16 suka haddasa. Mijin da aka sanar da shi wannan tun kafin a fara magani, idan aka yi masa tsawa ran Laraba ya san daga ina ta fito, ba ya riƙe ta har Juma'a.

Saura batun haƙuri, wanda mu Hausawa muka ɗaukaka har wani lokaci muka haɗa shi da yin shiru a gaban likita. Mata da yawa, idan likita ya ce "Hajiya, yaya jikin?" sai su ce "Alhamdu lillahi, da sauƙi," alhali dare uku ba su runtsa ba, suna ganin rashin barci bai kai abin da za a dami likita da shi ba, ko suna tsoron kada ya zama ƙorafi ga hukuncin Ubangiji. Ibn Ƙayyim, cikin littafinsa kan haƙuri da godiya, ya rarrabe tsakanin kai ƙarar Mahalicci wurin halitta, wanda shi ne ke rushe haƙuri, da bayyana hali ga wanda zai iya taimako, kamar majinyaci ga likita, wanda ba ya rage komai. Annabi Ayyuba ya ambaci cutarsa ga Ubangijinsa, aka kuma yabe shi da haƙuri. Faɗin kuwa yana da amfani na zahiri, domin likita yana iya matso da shan maganin zuwa safe da azahar maimakon dare, yana iya rage adadinsa idan amai bai tsananta ba, yana iya ba da maganin barci na 'yan kwanaki, yana iya auna sukari, wanda deksametason ke ɗagawa har fitsarin dare ya ƙara hana barci, yana kuma iya gano cewa gajiyar ta ƙarancin jini ce. Abin da bai halatta ba shi ne ta daina sha da kanta, ko ta aika yaro kemis ya sayo mata ƙwayar barci, domin na farko yana iya jefa ta cikin haɗari a kan gadon ƙarin ruwa, na biyu kuma yana iya karo da magungunanta. Idan kuma zazzaɓi ya kai digiri 38, ko tunani ya rikice, wannan asibiti ake nufa a daren, ba a jiran safiya.

Sauran dabarun ƙanana ne, amma riƙo da sababi ba shi da ƙarami: barin goro da shayi da kofi daga azahar, taƙaita ƙailula kada ta cinye barcin dare, ɗan tattaki a tsakar gida da sanyin safiya, wanda likitoci suka tabbatar yana rage gajiyar kemo fiye da kwanciya yini guda, da ajiye waya idan an kashe fitila. Tunda kuma abin yana dawowa bisa tsari sananne, ya kamata a rubuta ranakun a manne a bango, kowa a gidan ya san cewa daga rana ta uku bayan ƙarin ruwa zuwa ta shida ba a bin ta girki, ba a bin ta tarbar baƙi. Masu zuwa dubiya, waɗanda suke neman ladan sunna, su san cewa sunnar ita ce a gajarta zama, kuma idan suka iso aka ce ta sami barci, su bar gaisuwarsu wurin ƙanwarta su juya, kada kowa ya ce a tashe ta don ta san sun zo.